Darasin Zane: Fensir ko Tawada, Wanne Ya Dace da Zanen Shimfiɗar Ƙasa?

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa masu kallo, barkanmu da sake saduwa a wannan darasi na koyon zane da nake gabatar muku daga birnin Kano. Tambayar da za mu duba yau ta daɗe tana zuwa mini daga ɗalibai: idan mutum zai zana shimfiɗar ƙasa, wato fili da duwatsu da itatuwa da gine-gine da sararin samaniya, fensir ya kamata ya ɗauka ko tawada? Wannan fanni na zane yana da farin jini a wajenmu, musamman ga masu gudun zana abu mai rai, domin an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, ya ce wa wani mai sana'ar zane idan ya zama dole sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai.

Ga takardu biyu a kan teburin nan. Wuri ɗaya ne na zana sau biyu, a safiya ɗaya ta hunturu, ina zaune a kan Dutsen Dala ina fuskantar Goron Dutse. Na hannun dama da fensir na yi shi, na hagu kuwa da tawada. Ba ni ne na fara zama a wannan wuri da takarda ba, domin a shekarar 1851 Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, ya hau Dala ya zana birnin Kano daga can, aka kuma buga hoton a littafin tafiyarsa.

Mu fara da sanin abin da ke hannunmu. Baƙin da ke cikin fensir ba dalma ba ne kamar yadda wasu suke zato. Wani ma'adini ne mai sulɓi da ake kira girafait, wanda aka tarar da shi da yawa a Borrowdale ta ƙasar Ingila a ƙarni na 16. A shekarar 1795, lokacin da yaƙi ya hana Faransa samun na Ingila, wani Bafaranshe mai suna Nicolas-Jacques Conté ya gano cewa idan aka niƙa girafait, aka kwaɓa shi da yumɓu, aka gasa, za a sami sandar rubutu mai kyau. Wannan kwaɓin shi ne asalin haruffan da kuke gani a jikin fensir. Idan yumɓu ya yi yawa, fensirin yakan yi tauri, zanensa ya yi haske, shi ne mai harafin H. Idan girafait ya rinjaya, yakan yi taushi, zanensa ya yi baƙi, shi ne mai harafin B. Shi kuwa HB da yaranmu suke zuwa makaranta da shi, tsaka-tsaki ne. A wannan zane guda uku kawai na yi amfani da su, wato 2H mai tauri, da HB, da 4B mai taushi sosai.

Yanzu ku dubi zanen fensirin da kyau. Duk wanda ya hau Dala da hunturu ya san yadda hazo yake cinye gari. Gidajen da ke gindin dutsen kana ganin komai nasu, kwanon rufi da indararo da igiyar shanya. Kaɗan gaba sai launi ya fara kwantawa, hasumiyoyin masallatai su zama kamar inuwa, Goron Dutse kuma ya tsaya can kamar an shafa toka a jikin sama. Masana zane suna da ƙa'ida a kan wannan, Leonardo da Vinci ma ya yi rubutu a kanta: gwargwadon nisan abu, gwargwadon yawan iska da ƙura da ke tsakaninka da shi, don haka baƙinsa yake raguwa, gefensa kuma yake dushewa. Mu a Kano hunturu yakan nuna mana wannan ƙa'ida ƙarara, ba sai mun je nesa ba.

A nan fensir yake da ƙarfi, domin shi kayan aiki ne da ke tafiya da nauyin hannu. Ku ga yadda na kwantar da 2H a kan gefensa, na riƙe shi can baya kusa da gindinsa, na shafa Goron Dutse ba tare da na ja masa layi ko ɗaya ba. Gidajen tsakiya na ba su HB, na danna kaɗan. Duwatsun da nake zaune a kansu da rufin da ke ƙarƙashina na ba su 4B, na danna sosai. Daga farin takarda zuwa baƙin gaba akwai matakan toka-toka masu yawa, kowane yana narkewa a cikin na kusa da shi, kuma wannan narkewar ita ce ke sa ido ya yarda cewa akwai tafiya mai nisa a cikin takardar da ba ta wuce taƙi biyu ba.

To, ku dubi na tawada. Ita tawada ba ta san toka-toka ba. Inda bakin alƙalami ya taɓa ya yi baƙi, inda bai taɓa ba fari ne. Idan mai tawada yana son launi tsaka-tsaki, sai ya yi wa ido dabara: ya jera siraran layuka kusa da juna, ko ya gitta wasu a kansu, ko ya yi ɗige-ɗige, yadda idan aka ja baya kaɗan fari da baƙin za su gauraye. Na yi hakan a nan, na zana Goron Dutse da alƙalamin zamani mai lamba 0.1, wato mai siririn baki, na kakkarya layin, na bar farin takarda da yawa. Duk da haka, gaskiya ita ce dutsen ya matso kusa fiye da yadda yake, hazon kuma bai fito ba. Wanda ya kalli wannan takarda zai ɗauka bayan saukar ruwan sama na zana ta, lokacin da iska ta wanke. Saboda haka hukuncina a kan wannan wuri da wannan lokaci shi ne fensir ya fi dacewa, kuma ratar da ke tsakaninsu mai faɗi ce.

Amma bari in ɗauko muku wasu takardu biyu, za ku ga magana ta juya. Wannan wani yanki ne na badala da ya saura a tsaye, da wata kuka a gefensa, na zana su da tsakar rana a bazara. Ganuwar Kano, wadda aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, ruwan damina ya yi ɗaruruwan shekaru yana sassaƙa ta, ya bar mata kwari-kwari da tsagu masu zurfi, kuma idan rana ta take, inuwar da ke cikin waɗannan tsagu baƙa ce wuluk, gefenta da kaifi kamar an yanka da wuƙa. Na gwada da fensir, na danna 4B har takarda ta fara ƙyalli. Wannan shi ne rauninsa: girafait yana da sheƙi, duk yadda ka danna ba zai kai baƙin gaske ba, idan kuma haske ya bugi takardar ta gefe sai wurin da ka fi wahala a kansa ya koma kamar azurfa. Tawada kuwa ta cika inuwar nan da shafa ɗaya, farin takarda da ke kusa da ita ya ƙara haske, har mai kallo ya ji zafin ranar. Kukar ma haka. Da rani ba ta da ganye, rassa ne kawai masu murɗewa, kauri a gindi, sirantaka a ƙarshe, wato ita kanta layuka ce, kuma layi shi ne harshen tawada.

Ina so in daɗe kaɗan a kan abin da na zana kukar nan da shi, domin abu ne da muke rainawa alhali muna da shi a gida. Alƙalamin gamba ne, irin wanda kowane almajiri yake fiƙewa da kansa a tsangaya. Alƙalamin zamani mai lamba yana ba da layi mai kauri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, wanda yake da amfani wajen zana tagogi da zankwaye da wayoyin lantarki. Shi kuwa na gamba bakinsa yankakke ne, idan ka ja shi ta faɗinsa layin ya yi kauri, idan ka juya shi ta kaifinsa ya sirance, sannan yayin da tawadar da ya ɗebo daga kurtu take ƙarewa, layin yakan fara tsinkewa yana barin fari-fari, kamar dai ɓawon itace ko fuskar tsohon bango. Ku kalli hannuna: na fara daga gindin reshe da faɗin baki, ina tafiya ina murɗa shi a hankali, har na ƙare da tsininsa. Wanda ya yi rubutun allo yana yaro, hannunsa ya riga ya san wannan murɗawa. Manyan masu zane na Turai ma sun yi aiki da irin wannan alƙalami na kara. Rembrandt ya zana filayen da ke kewaye da Amsterdam da shi, Vincent van Gogh kuma, a shekarar 1888 da yake zaune a Arles ta kudancin Faransa, ya riƙa yanko kara yana zana gonaki da ɗigo da gajerun layuka.

Sai dai ku san irin tawadar da kuka tsoma shi a ciki. Tawadar allo, wadda ake haɗawa da gawayi da ƙaro, an yi ta ne domin ta wanku, saboda haka ɗigon ruwa ɗaya ko gumin hannu zai iya tayar da ita daga takarda. Tawadar zane ta kwalba, wadda ake yi da baƙin hayaƙi, akwai irinta da ake sa wa wani danƙo da ke hana ruwa tasiri da zarar ta bushe. Bambancin yana da muhimmanci idan kuna son tsarma tawada da ruwa ku shafa da burushi domin samun toka-toka, wadda ita ce hanyar da mai tawada yake bi ya kama hazo. Idan layukanku na mai jure ruwa ne, ku ja su tukuna, ku bari su bushe, sannan ku shafa tsarmin a kai. Idan na allo ne, tsarmin za ku fara shafawa, ya bushe sarai, layuka su biyo baya. Ku kuma tuna cewa takardar fotokwafi ta ofis mai nauyin giram 80 a kowane murabba'in mita ba ta ɗaukar ruwa, za ta yamutse, don haka mai son shafa tsarmi ya nemi mai kauri, daga giram 200 zuwa 300.

Yanayin garinmu ma yana da ta cewa. Da hunturu tawada takan bushe a bakin alƙalami kafin ka gama tunanin inda za ka sa shi, sai ka riƙa goge bakin da tsumma mai laima. Da damina takarda takan sha danshi, layi ya nashe ya yi gashi-gashi. Fensir bai damu da ko ɗaya ba, shi ya sa ya fi sauƙin fita da shi, sai dai yana gogewa da gefen hannu, don haka mai aiki da dama ya fara daga saman takarda ta hagu yana gangarowa, ya kuma shimfiɗa wata takarda ƙarƙashin tafinsa. Wajen ajiya kuwa, girafait da tawadar baƙin hayaƙi duka ba sa kodewa da hasken rana, amma tawadar biro tana kodewa, saboda haka kada ku yi zanen da kuke son ratayewa a bango da ita.

Saura maganar gogewa, wadda ita ce dalilin da ya sa yawancin masu koyo suke manne wa fensir. Lallai samun damar gyara kuskure rahama ce ga mai farawa, amma na sha ganin ɗalibi ya kwashe sa'a guda yana ja yana gogewa, har takardar ta yi laushi, bai ɗaga kai ya kalli dutsen da ke gabansa sau biyar ba. Wanda ya riƙe tawada yakan daɗe yana kallo kafin ya sa hannu, domin ya san abin da ya sauka ya zauna, kuma wannan dogon kallo shi ne abin da nake so ɗalibi ya koya. Idan kuna son haɗa su biyun, ku tsara wurin da 2H a hankali, layin da ƙasa ta haɗu da sama da manyan siffofi kawai, sannan ku bi da tawada, ku jira ta bushe ƙwarai kafin ku goge fensirin, in ba haka ba kilina za ta ja baƙin ta ɓata muku aiki. Kada kuma ku sa fensir mai taushi a ƙarƙashi, domin sulɓinsa yana hana tawada kama takarda.

Aikin da zan ba ku kafin haɗuwarmu ta gaba shi ne ku zaɓi wuri ɗaya kusa da gida, wanda yake da abu na kusa da abu na nesa, ko da bishiyar darbejiya ce da katanga da hasumiya a bayansu. Ku zana shi da fensir da sassafe, ku koma ku zana shi da tawada bayan azahar, kowane cikin minti 20, kuma ku bar kilina a gida. Ku rubuta kwanan wata da lokaci a bayan kowace takarda, ku ajiye su tare, domin da su za mu fara darasi mai zuwa a kan yadda ake zana inuwar itatuwa a ƙasa, in Allah ya yarda. Wassalamu alaikum.