Rahmaninof ya kwafi Caikofski ne? Ga inda kunne yake ruɗewa

[Hoto: shafukan farko na takardun kiɗa biyu, gefe da gefe]

Jama'a, ku dubi shafukan nan biyu. Duka biyun na mashahuran masu tsara kiɗa ne na ƙasar Rasha. Na hagu na Caikofski ne, 1882. Na dama na Rahmaninof, 1893. Kayan kiɗan iri ɗaya ne: fiyano, biyolin da celo, wato babban ɗan'uwan biyolin mai kaurin murya. Sadaukarwar ma ɗaya ce, don tunawa da wani babban gwani. Kowanne yana da dogon babi na jujjuya kari, inda ake maimaita kari ɗaya ana sauya masa salo, kowanne kuma ya dawo da kukansa na farko a ƙarshe. Shi ya sa da zarar an yanko daƙiƙa 30 daga wannan an jera da 30 daga wancan, sai ka ji ana cewa ai kwafa ce. Kamar tana nan, babu musu. Sai dai kowane aikin ya haura minti 40, kuma bambancin yana can inda masu yanka ba sa kaiwa.

[Hoto: Mosko, sannan Roma]

Tarihin a gurguje. Nikolai Rubinstain, gwanin fiyano kuma wanda ya kafa makarantar kiɗa ta Mosko, ya rasu a Faris a watan Maris na 1881. Abokinsa Caikofski ya zauna a Roma a ƙarshen shekarar ya rubuta masa marsiyya da kayan kiɗa uku. Abin mamaki, a 1880 shi da kansa ya rubuta wa mai ɗaukar nauyinsa, Nadezda fon Mek, cewa kunnensa ba ya jure fiyano haɗe da biyolin ko celo. Mutuwar aboki ta sa ya yi abin da ya ce ba zai yi ba. A ranar 6 ga Nuwamba 1893 Caikofski ya rasu, kuma a ranar Rahmaninof, yana ɗan shekara 20, ya fara tasa marsiyyar. Kafin shekara ta fita ya gama.

To yaron ya san abin da yake yi. Ya ɗauki tsarin da gangan, don duk wanda ke zauren a Mosko ya gane wa ake yi wa kuka. Masu ilimin waƙa a ƙasar Hausa sun san irin wannan a tahamisi: almajiri ya ɗauki baitin malami ya ƙara nasa layuka uku a kai, ba wanda ke kiransa ɓarawo, abin da ake aunawa shi ne layuka ukun.

[Sauti: farkon babi na biyu na Caikofski]

Yanzu mu tsaya a inda ake ruɗewa, wato babin jujjuyawa. A duka ayyukan biyu fiyano ne yake fara gabatar da karin shi kaɗai, masu tsirkiya, wato mai biyolin da mai celo, suna zaune hannu a cinya. Nan mai yankan bidiyo yake tsayawa. Ku ci gaba da saurare.

Karin Caikofski sassauƙa ne, kamar waƙar ƙauye. Ya juya shi sau 11, sannan ya ƙara juyi na ƙarshe mai tsawo. Ku lura da inda yake kai shi. A juyi na 5 hannuwan mai fiyano suna can ɓangaren manyan sautuka na madannan fiyano, sautin siriri kamar na ƙaramin akwatin kiɗa, biyolin da celo sun riƙe sauti ɗaya a ƙasa ba motsi. Na 6 rawar wals ce, celo ne ke jan ta.

[Sauti: daƙiƙa 15 na wals]

Na 8 fuga ce, muryoyi suna shigowa ɗaya bayan ɗaya da kari guda suna bin juna. A na 9 masu tsirkiya sun maƙala abin danne sauti a kan jakin da tsirkiyoyi ke hawa, murya ta dushe, kuka ya leƙo. Na 10 kuwa mazurka ce, rawar Folan, kuma kusan duk na mai fiyano ne, domin mamacin mai fiyano ne. Kun ga Caikofski yana ɗaukar kari ɗaya yana zagayawa da shi ɗakin rawa, aji da dandali, yana nuna mana mutumin da rai. Saboda haka idan kukan babi na farko ya faɗo a ƙarshe da dukkan ƙarfin mutum uku, ya koma takun rakiyar gawa, zafin yana zuwa ne daga duk rayuwar da aka gama nuna maka.

[Sauti: farkon babi na biyu na Rahmaninof]

Ga na Rahmaninof. Da farko karin nasa ne, daga wani aikinsa na babbar ƙungiyar makaɗa da ya rubuta a wannan shekarar, aikin da Caikofski ya yaba har ya yi niyyar jagorantar kaɗa shi, ajali ya riga shi. Ya kawo wa mamacin abin da mamacin ya so. Na biyu, ku ji yadda karin yake tafiya: sautuka a dunƙule, taku ɗaya ɗaya, kamar waƙar cocin Rasha. A bugun farko na takardar kiɗan ma ya ba da damar a kaɗa shi da hamoniya, ƙaramin ogan mai iska. Juyi 8 ne, kuma babu wals, babu mazurka. Ko inda gudu ya ƙaru, ba a jima sai a koma ga nauyin nan. Ƙashi ɗaya ne da na Caikofski, amma tafiyar ta juya ciki.

Haka farkon babi na ɗaya. A wurin Caikofski celo ne ke rera kuka, fiyano yana malala a ƙarƙashinsa, sannan biyolin ya karɓa. A wurin Rahmaninof fiyano ya kama 'yan sautuka masu gangarowa yana maimaita su, yana maimaitawa, kafin celo ya hau kai, kuma ba ya sakin su da wuri. Wannan maimaicin mai kama da ƙararrawa shi ne za ku riƙa ji a kiɗansa har tsufa. A ganina nan ne mutum zai fara jin muryarsa, tun yana ɗan 20.

[Hoto: cikin fiyano, gudumomi suna bugun waya]

Akwai inda ƙuruciya ta nuna, kuma yana da alaƙa da ƙorafin Caikofski na 1880. Fiyano guduma ce ke bugun waya, sautin yana fara mutuwa tun daga bugu. Biyolin da celo kuwa muddin ana goga tsirkiya sauti yana nan, ana iya ƙara masa ƙarfi a tsakiya. Sannan muryar celo tana zaune daidai inda hannun hagun mai fiyano yake aiki. Idan ya cika hannu da sautuka ya danne fedar dama, wadda ke barin sauti ya ci gaba da amo, celo ya nutse, kana ganin hannu yana motsi ba ka jin komai. Rahmaninof gwanin fiyano ne, ya rubuta wa kansa kaya mai nauyi, har wani wuri sai ya haɗa masu tsirkiya biyu a kan layi ɗaya don su iya fitowa. Ya koma kan aikin a 1907 da 1917, ya rage tsawo. Caikofski ma ya yarda a tsallake fugar da wani yanki na juyin ƙarshe, shi ya sa za ku ga faifai biyu na aiki ɗaya sun bambanta da mintoci.

[Hotuna da sauri: Smetana, Arenski, Shostakobic]

Kuma sarƙar ba daga Caikofski ta fara ba. A 1855 Smetana a birnin Firag ya rubuta wa 'yarsa da ta rasu tana shekara 4 irin wannan kiɗa na mutum uku, ya buɗe da biyolin shi kaɗai. A 1894 Arenski, malamin Rahmaninof a Mosko, ya rubuta nasa don tunawa da gwanin celo Kal Dabidof, babi huɗu, ba babin jujjuyawa, kuma ya ba celo wuri sosai. A 1944 Shostakobic ya yi wa abokinsa Solatinski.

Wanda zai gwada da kunnensa, ya saka juyi na 5 zuwa na 10 na Caikofski, ya bi shi da babi na biyu na Rahmaninof gaba ɗaya, da abin saƙalawa a kunne idan akwai, domin lasifikar waya tana cinye ƙasan celo da hannun hagun fiyano, kuma rabin maganar tana can.