Tukunya Ce Gida: Lacca Kan Tallafin Abinci na SNAP a Amurka

Assalamu alaikum. Na baya ku matso, akwai kujeru a gaba. Abu uku zan faɗa kan SNAP, tallafin abincin da tsofaffinmu har yau suke kira fud stam, ko da yake an sauya masa suna tun 2008.

Na farko, kuma shi ne ya kawo ni: mene ne gida a wurin gwamnati? Nan Bronx, a birnin New York, haya ta yi tsada, sai ka ga mace da 'ya'yanta biyu a ɗaki ɗaya, wani direban tasi da ba su haɗa komai ba a ɗaya ɗakin. Ta zo cike takarda, aka ce ta rubuta mutanen gida, ta sa shi. Aka haɗa kuɗinsa da nata, suka haura iyakar kuɗin shiga da aka yarda, aka hana ta. Wallahi wannan yana ci mini rai, don abincin yara ne ya tafi.

Doka ba ta duba rufin ɗaki. Tukunya take dubawa. Waɗanda suka saba sayen abinci tare, su dafa tare, su ne gida ɗaya. Mu ai mun san wannan tun a gida! Wa da ƙane suna zaure ɗaya, amma in aka ce sun raba tukunya, kowa ya gane. To haka ne. Firji ɗaya, murhu ɗaya, ba komai, muddin kowa da cefanensa. Hajiya tana dariya, ta ce Bahaushe ba ya ci maƙwabci na kallo. Gaskiya ne, Hajiya, zuba masa tuwo ranar Juma'a ko buɗa baki da azumi bai mai da ku gida ɗaya ba. Abin da aka saba kullum ake nufi. Tukunya, jama'a, tukunya.

Amma in kuna dafawa tare, ku faɗa. Ƙarya a takardar nan tana sa a biya kuɗin, a kuma dakatar da mutum.

Na biyu, kuɗin haya: kowa ya rubuta kasonsa. Na uku... a'a, wannan ma cikin na farko yake: miji da mata da ke zaune tare ba sa rabuwa, ko da kowa da tukunyarsa.

Malama, ɗaga murya. Ta ce 'yarta mai shekara 20 ta dawo gida da jaririnta, tana girkinta daban. To, Malama, a nan tukunya ba ta aiki. Ɗan da bai kai 22 ba, in yana zaune da iyayensa, a takardarsu yake, ko da ya yi aure, ko da ya haihu. Sai dai ku sa ta, ku sa jaririn, don yawan mutane yana ɗaga iyakar kuɗin da aka yarda. Tana aiki? To ki zo da takardun albashinta bayan la'asar, mu lissafa tare.