Kujerar Ocon da kuɗin gidan Stroll

Assalamu alaikum mutanen Kaduna, na Tudun Wada da Kawo da Unguwar Rimi, ina gaisuwa daga Ingila. Ku yi haƙuri da ƙarar nan, a filin tseren kart nake, 'yan ƙananan motocin da yara ke fara tsere da su. Kusan duk direban Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, da kuka sani daga irin wannan tseren ya taso.

Bari in juya kyamara. Kun ga bawan Allan can a durƙushe? Tsohuwar taya yake hura wa zafi yana kankare robar da ta manne, don ɗansa ya sake shiga da ita. Rumfar kusa da shi kuwa makanikai ne cikin riga iri ɗaya, ga sabbin tayoyi jibge ko ledarsu ba a cire ba. Anjima tare za a saki yaran nan biyu, wai a ga gwani. Duk wanda ya saba kallon folo a Kaduna ya san wannan: yaron da ke kiwon doki ya iya sukuwa, amma mai dokin ne ke shiga fili.

Esteban Ocon, ɗan Faransa, irin na durƙushen nan ne. Iyayensa gidansu suka sayar, suka koma kwana a ɗakin da mota ke ja. A 2014 ya ci ƙaramar gasar Formula 3 ta Turai, har Max Verstappen, wanda daga baya ya zama zakaran Formula 1, yana bayansa. A 2018 ƙungiyarsa ta Formula 1, Force India, ta durƙushe da bashi, attajirin Kanada Lawrence Stroll da abokansa suka saye ta. Da aka shiga 2019 sai ga ɗansa Lance a kujerar Ocon. Ɗayan direban ƙungiyar kuwa, Sergio Pérez, wanda kamfanin sadarwa na Telmex na attajirin Meziko Carlos Slim ke mara wa baya, ko gezau. Ocon shekara guda ya yi a benci, ya dawo, ya ci tseren Hangare a 2021.

Kada ku ce Lance bai iya ba, ya iya. Shi ma ya ci Formula 3 a 2016, ya zo na uku a tseren Formula 1 na Baku a 2017. Kuma FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, ba ta ba da lasisin Formula 1 sai ka tara maki 40 a ƙananan gasanni. To amma da me za ka tara su? Kaka ɗaya ta Formula 2, gasar da ke ƙasa da Formula 1, tana cin Yuro miliyan 2 ko fiye, ku lissafa da naira, ni kaina ya ɗau zafi.

Na san wani zai ce, Lewis Hamilton, da ya zama zakara ba tare da kuɗin gida ba, fa? Mahaifinsa ayyuka da yawa ya haɗa a lokaci guda, kuma da ƙungiyar McLaren ba ta ɗauki nauyinsa ba a 1998, yana ɗan shekara 13, Allah kaɗai ya san inda zai tsaya. Shi da bakinsa ya ce a 2021 wasan ya zama na 'ya'yan biloniyoyi, da yau zai fara da ba zai iso ba.