Mala'ikan da ke mai da takobi kube

Jama'a, barkanku da war haka. Yau ina birnin Roma, a kan gadar kogin Taiba, ga Castel Sant'Angelo, wani babban tsohon gini, a gabana. Bari in ɗaga kyamara. Kun hango mala'ikan tagulla can ƙololuwa? Ku lura da hannunsa. Ba sara zai kai ba, takobin yake mayarwa kube.

A ƙarshen shekarar 589 kogin nan ya yi ambaliya, annoba ta biyo baya, har ta ɗauke Fafaroma Felajiyus na biyu a Fabrairun 590. Giregori, wanda aka zaɓa ya gaje shi, bai ɓoye wa mutane ba: ya ce takobin fushin Allah ne ya sauko, kowa ya tuba. Aka fito ayari bakwai ana kuka ana roƙon jinƙai, kuma an rubuta cewa mutum 80 suka faɗi matattu ana cikin addu'ar. Daga baya ruwaya ta bazu cewa Giregori ya hangi Mika'ilu a kan ginin nan yana mai da takobinsa, annoba ta lafa.

Wanda ya tashi a makarantar Lahadi ya san tushen wannan. A 2 Sama'ila 24, Dawuda ya ƙidaya jama'a, annoba ta kashe mutum 70,000 daga Dan zuwa Biyasheba. Da mala'ika ya miƙa hannu kan Urushalima, a masussukar Arauna, Ubangiji ya ce ya isa. A 1 Tarihi 21 ne aka ce ya mai da takobin kube.

Abin da ke taɓa zuciyata shi ne bakin Dawuda. Bai nuna kowa da yatsa ba. Cewa ya yi shi ne mai laifi, tumakin nan me suka yi? Ni na gaskata Allah yana hukunci, annobai goma na Masar shaida ne. Amma lokacin korona na ji masu wa'azi suna lissafa zunuban waɗanda cuta ta kwashe, raina ya ɓaci ƙwarai. A Luka 13 Yesu da kansa ya ce mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta danne ba su fi sauran mazauna Urushalima laifi ba.

Wannan mala'ikan tagullan a 1753 aka ɗora shi, wanda ya gabace shi, na marmara, yana tsakar gida. Ku biyo ni mu shiga mu gan shi.