Me Za Mu Yi da Kududdufan Kuza na Jos?

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanku da warhaka daga garin Jos. Ni ce Hadiza, ga Nura, ga kuma Malam Isa. Yau a kan masu tsara fili za mu tattauna, waɗanda ke zana inda bishiya za ta tsaya, inda ruwa zai bi, da inda mutum zai zauna ya sha iska. Malam, ina so mu tsaya a kan kududdufan da haƙar kuza ta bar mana.

Malam Isa: Madalla. Ai duk wanda ya bi ta Bukuru ko Barkin Ladi ya san su. Tun farkon ƙarni na 20 Turawa suka shiga haƙar kuza a nan, suka tafi suka bar ramuka da tsibin jar ƙasa a gefensu. Ruwa ya cika ramukan. Wasu suna da zurfin gaske, bakinsu a tsaye yake, yaro ya zame babu abin kamawa.

Nura: Ni dai, Malam, da za a ba ni wuƙa da nama, cike su zan yi, a daidaita ƙasa, a zana sabon abu. Ku dubi Millennium Park a Abuja. Manfredi Nicoletti, ɗan Italiya, shi ya zana shi, Sarauniya Elizabeth ta buɗe shi a 2003. Hanya miƙaƙƙiya sambal, ruwa na tsartuwa, ciyawa shar. Ranar Sallah ba masaka tsinke.

Malam Isa: Wannan hanya ce guda, kuma ba na raina ta. Mai zane ya zo da siffa a kansa, ya sa ƙasa ta bi. Amma Nura, ka lura, ko shi Nicoletti bai danne komai ba. Rafi ya ratsa wurin, ya bar ɗaya ɓangaren da itatuwa da tsirrai irin na ƙasar nan. Sannan ka yi lissafin ciyawar. Daga Nuwamba zuwa Maris da wuya a ga ruwan sama a Jos. Wa zai biya kuɗin ban ruwa? Kuma tifa nawa ce za ta cike rami ɗaya?

Hadiza: To in ba a cike ba fa?

Malam Isa: Akwai masu cewa a bar tabon, a yi aiki da shi. A Jamus, a garin Duisburg, wata masana'antar narka ƙarfe ta rufe a 1985. Peter Latz, wani mai tsara fili, ya karɓi aikin mayar da wurin filin shaƙatawa, ya ƙi rushe ta. Tankin iskar gas ya zama wurin koyon nutso, bangayen rumbunan ma'adinai suka zama wurin hawa, tsirran da suka fito da kansu a kan tarkace aka bar su. Yaro in ya shiga zai ga aikin da kakansa ya ci abinci da shi.

Nura: Ai mu ma muna da irinsa. Tafkin Rayfield tsohon ramin kuza ne, yanzu kwale-kwale ake hawa.

Hadiza: Haka ne, amma abin da ya fi taɓa ni shi ne masu noman rani. Je ka bakin wani kududdufi da asuba lokacin hunturu. Hazo a kwance kan ruwa, ƙaramin injin ban ruwa yana ƙara, tiyo ya haura gangare, fangali-fangali na kabeji da karas da latas sun sauko mataki-mataki. Babu wanda ya zana musu a takarda. Su suka san wane gefe ne ke riƙe laima, wane ne ke zaizayewa. In an kewaye wurin an sa kuɗin shiga, ina za su?

Malam Isa: Kin zo inda nake so, 'yata. A China an yi wani mai tsara fili, marigayi Kongjian Yu, wanda ya yi suna da cewa gari ya riƙa tsotse ruwa kamar soso. Maimakon a kora ruwan sama cikin kwata ta siminti ya tafi da gudu, sai a ba shi fadama da tafkuna ya kwanta, ya nutse. Ɗan ƙauye ne, kuma daga dabarun manoma ya ɗauko tunanin. Mu ga tafkunan an riga an haƙa mana.

Nura: Amma Malam, mutane suna mutuwa a cikinsu. Ba zan iya kallon wannan a matsayin ado ba.

Malam Isa: Ko ni ba zan iya ba. Shi ya sa aikin farko shi ne bakin ramin. A kwantar da shi ya zama gangare mai sauƙi, a bar wuri marar zurfi a gefe, a dasa ciyawa mai jijiya da za ta kama ƙasa. A gwada ruwan da turɓayar a ɗakin bincike kafin a ce wa kowa ya shuka ko ya yi wanka, domin tarkacen wankin kuza na iya ɗaukar abin cutarwa. Inda ya fi haɗari a yi shinge.

Hadiza: Na waya?

Malam Isa: Waya za a sace ta ko ta yi tsatsa. Ki dubi ƙauyukan Birom, da kerana suke kewaye gonaki tun kaka da kakanni. Ba ta neman ban ruwa, akuya ba ta ratsa ta. Sai dai a nisanta ta da wurin wasan yara, don ruwanta yana cutar da ido.

Nura: Bishiya kuma turare za a ƙara? Shi na fi gani a kan tsibin ƙasar.

Malam Isa: An dasa shi ne saboda yana saurin girma a ƙasar da ta mutu, kuma ya yi aikinsa. Amma yana shan ruwa sosai, manomi ba ya son sa kusa da fangalinsa. Ni zan sa malmo da ɓaure a bakin ruwa, ɗorawa da atili can sama. Atili yana jinkiri, wanda ya dasa ba lallai ya daɗe yana ci ba, amma inuwarsa faɗi gare ta, ga 'ya'ya, ga mai, mata kuma su samu na kai wa kasuwa.

Nura: Har yanzu ina son hanyata miƙaƙƙiya, Malam.

Malam Isa: Za ka samu. Mu shimfiɗa ta da dutsen Jos a bisa tsibin ƙasar, inda za a hango ruwa da gonaki gaba ɗaya. Amma kafin ka ja layi, ka zauna da masu fangalin su nuna maka iyakar da ruwa ke kaiwa a watan Agusta.