Amsoshin Tambayoyinku: Tsofaffin Injinan Fasa Dutse

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko ta fito ne daga wani direban tifa a Abuja. Ya ce yakan wuce ta wani tsohon wurin fasa dutse da aka daina aiki a cikinsa, sai ya ga dogon gini na kankare manne da jikin tsauni, ƙarafuna duk sun yi tsatsa. Yana son sanin amfanin ginin, da kuma wanda ya ƙirƙiro injin fasa dutse.

To Malam, mu fara da injin. Da can da guduma ake wannan aiki. A Birtaniya, John McAdam, wanda ya rasu a 1836, ya fito da tsarin shimfiɗa hanya da ƙananan tsakuwa, don haka maza da mata har da yara ke zama a bakin hanya suna fasa dutse tun safe har yamma. Wani Ba'amurke, Eli Whitney Blake, ya ga irin wannan wahala lokacin da ake gyaran hanya a garinsu New Haven, sai ya ƙera inji, aka yi masa rajista a 1858.

Injin kamar muƙamuƙi yake. Faranti biyu ne na ƙarfe, ɗaya a kafe, ɗaya na matsowa yana komawa, sama a buɗe, ƙasa a tsuke. Dutse ya faɗa, a matse shi ya dare, ya gangara, a sake matse shi, har ya fita ta ƙasa. A wancan lokacin injin tururi ke juya shi da bel. Abin burgewa shi ne, har yau da wannan dabarar ake aiki.

Shi kuwa ginin, an jingina shi da tsauni ne don nauyin dutse ya yi rabin aikin. A zuba daga sama, ya bi ta inji, ya shiga wata ƙatuwar rariya mai juyawa da ke raba manya da ƙanana, kowanne ya faɗa rumbunsa. Mota ko taragon jirgi ya tsaya a ƙasa, a buɗe bakin rumbun, ya cika. Rumbunan nan ne kake gani, domin ƙarfe an kwance an sayar, kankare kuwa ba mai ɗauka.

Sai wata baiwar Allah daga Kaduna, ta ce mahaifinta ya shekara 20 a wannan aiki, yanzu tari ya ƙi barinsa. Malama, Allah Ya ba Baba lafiya, amma don Allah kada a yi wasa. Ƙurar dutse tana taruwa a huhu ta taurara shi. A Hawks Nest ta Amurka, inda aka fara haƙa rami cikin dutse a 1930 ba tare da jiƙa shi da ruwa yadda ya kamata ba, ɗaruruwan ma'aikata ta kashe. A kai Baba asibiti a ɗauki hoton ƙirjinsa, a duba tarin fuka, kuma a gaya wa likita irin aikin da ya yi.