Wa Ya Mallaki Na'urar da Ke Jikin Jarumi? Lacca Kan Zaɓen Littattafan Saibafank da Yi Musu Sharhi

An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani zama na masu karatun ƙagaggun labaran kimiyya. An rage maimaici da doguwar gaisuwa.

Assalamu alaikum. 'Yan uwa maza da mata, barkanmu da warhaka. Na gode da kuka ba ni wannan dama. Ɗan uwan da ya gabatar da ni ya ce zan faɗa muku littattafan da suka fi kowanne kyau a wannan fanni. Zan ambaci wasu, in Allah ya so. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda muke zaɓen abin karantawa, da yadda muke ba juna labarinsa bayan mun gama, domin a nan nake ganin muna tafka asara.

Bari in fara da sunan, saboda sababbin da ke cikinmu. Kalmar saibafank ta fito ne daga wani gajeren labari mai suna Cyberpunk na Bruce Bethke, ɗan Amurka, wanda mujallar Amazing Stories ta buga a 1983. Ya haɗa kalmomi biyu ne: ɗaya ta kimiyyar na'ura da sadarwa, ɗayar kuma sunan da ake kiran matasa masu bijire wa tsarin manya. Ku riƙe wannan haɗin da kyau. Fasaha ta kai ƙololuwa, mutum kuwa yana can ƙasa yana fafutukar abin da zai kai shi gobe. In aka cire ɗaya daga ciki, an tashi daga saibafank, an koma wani abu daban.

Shekara ɗaya bayan haka, a 1984, Neuromancer na William Gibson ya fito, ya lashe manyan kyaututtuka uku na wannan fanni: Hugo da Nebula da ta Philip K. Dick. Mutumin nan a kan tsohuwar tafireta ya rubuta littafin da ya koya wa duniya tunanin shiga cikin kwamfuta kamar yadda ake shiga gari. Kusan duk wanda ya tambayi inda zai fara, wannan littafin ake miƙa masa. Ni ma shi aka miƙa mini, kuma gaskiya karon farko ban kai ko'ina ba na ajiye. Gibson ba ya tsayawa ya yi maka bayani. Zai jefo maka sunan na'ura, sunan unguwa, sunan ƙwaya, ya wuce abinsa kamar an haife ka a wurin. Na yi fushi, na ce wannan ai rainin wayo ne. Sai bayan watanni na koma, na daure, na daina neman fahimtar kowace kalma, sai na ga ashe ma'anar tana biyo baya da kanta. Muna cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, to wannan karin magana ba ya aiki a kan kowane littafi. Da wanda ya ba ni shi ya ce, "Farkonsa zai ruɗa ka, da gangan aka yi haka, ka ci gaba," da ban ɓata waɗancan watannin ba. Jimla guda ce kawai, kuma irin ta ce sharhi ya kamata ya ɗauko.

To, da me za mu zaɓa? Yawancinmu da bango muke zaɓe: birni cikin dare, ruwan sama, fitilu masu launi, mutum da baƙin tabarau da hannun ƙarfe. Wannan kamannin da yawansa daga fim ya zo, musamman Blade Runner na 1982, da zane-zanen Japan irin su Akira da Ghost in the Shell. Ina son su. Amma kwalliya ce, kuma kwalliya kowa na iya ara. Akwai littattafai barkatai da suka ari fitilun suka bar zuciyar. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ni tambaya ɗaya nake yi wa littafi, kuma ita nake roƙon ku tafi da ita yau: na'urar da ke jikin jarumin nan, ta wace ce? Wa ya biya kuɗinta, kuma me yake bin sa?

Ku dubi Case, jarumin Neuromancer. Ɗan kutsen kwamfuta ne da ya yi wa iyayen gidansa sata, su kuma suka lalata masa jijiyoyi da guba yadda ba zai ƙara shiga duniyar kwamfuta ba. Muka same shi a birnin Chiba na Japan, ya ƙarar da kuɗinsa wajen neman magani, yana jiran mutuwa. Sai wani mai suna Armitage ya zo ya biya aka gyara shi. Mai karatu ya fara murna. Daga baya aka gaya wa Case cewa a lokacin aikin an dasa masa ƙananan jakunkunan wannan gubar a cikin hanyoyin jininsa, suna narkewa a hankali. In ya gama aikin da aka sa shi, a cire. In ya gudu, ya koma gidan jiya. Kun gani? Lafiyar da aka ba shi ita ce igiyar da aka ɗaure shi da ita. Bashi ne, amma maimakon a rubuta a takarda, a jininsa aka rubuta. Duk wanda ya taɓa karɓar taimakon da ya zame masa sarƙa ya san wannan halin, ko da bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Abin da ya sa littafin bai mutu ba ke nan bayan shekara arba'in.

Haka Altered Carbon na Richard Morgan, na 2002. An kai zamanin da ake adana tunanin mutum a wata 'yar na'ura a ƙeyarsa, in jiki ya mutu a sa ta a wani jikin. Marubuci mai rauni da nan zai tsaya yana mamakin abin. Morgan sai ya tambaya: wa ke da kuɗin sabon jiki? Attajirai suna rayuwa ɗaruruwan shekaru, talaka kuwa in aka ɗaure shi, ana iya ba wani jikinsa ya saka. Shi kansa jarumin, Takeshi Kovacs, a jikin wani ɗan sanda aka farkar da shi. Sai dai in za ka ba wani wannan littafin, wajibi ne ka gaya masa akwai azabtarwa da zubar da jini da batsa a fili. Ɓoye wannan cin amanar mai karatu ne. Kowa da abin da zuciyarsa da tarbiyyarsa za su ɗauka, ka faɗa masa ya zaɓa da idonsa biyu.

Akwai wani kuskure da nake yawan gani a sharhinmu, wato auna littafi da ma'aunin duba. Sai ka ji an ce, "Wannan ya tsufa, ko wayar salula babu a ciki." Gaskiya ne, babu ita a Neuromancer. Har akwai wurin da ake cinikin megabayit uku na ma'adanar kwamfuta kamar wata dukiya, abin da yau hoto guda a wayarka ya kai. Amma ku saurari abin da rashin salular ya haifar. A Istanbul, Case yana wucewa ta gaban jerin wayoyin jama'a, irin na jefa sulalla. Wata ƙirƙirarriyar basira, wato kwamfuta mai tunanin kanta, da ke farautarsa ta kira shi a ɗaya, ya ajiye kan wayar ya tafi. Yana tafiya, kowace waya da ya zo daidai da ita sai ta yi ƙara sau ɗaya, ta gaba ta karɓa. Tsigar jikina ta tashi ranar da na karanta wurin nan. Wayoyin sun shuɗe, amma jin cewa akwai abin da ya san inda kake a kowane taku, wannan yau ma ya fi kusa da mu. Mai sharhin da ya tsaya ƙirga megabayit ya wuce giwa yana neman sawunta.

Kishiyar wannan kuskuren ma tana nan. Snow Crash na Neal Stephenson, na 1992, shi ya zo da kalmar Metaverse, wato duniyar cikin kwamfuta da mutane ke shiga su yi mu'amala, kuma da kamfanin Facebook ya sauya suna zuwa Meta a 2021, sai aka yi ta cewa littafin ya hango gaba. To amma ina jarumin yake kwana? A ɗakin ajiyar kaya na haya, kusa da filin jirgin saman Los Angeles, shi da wani. A cikin kwamfuta ne kawai yake da gida na a zo a gani. Kuma ko a can ɗin, wanda ya shiga ta na'urar jama'a saboda ba shi da tasa, da hoto baƙi da fari yake bayyana, kowa ya gan shi ya san talaka ne. Sharhin da ya yabi Metaverse ya manta da ɗakin ajiyar kayan, rabin littafin ya karanta.

Sannan ina so mu faɗaɗa inda muke nema. Mun cika zagaye sunaye uku ko huɗu kamar su kaɗai ne. A 1986 Bruce Sterling ya tattara gajerun labaran wannan tafiya a kundin Mirrorshades, mace ɗaya ce tak a ciki, Pat Cadigan. Littafinta Synners na 1991 ya ci kyautar Arthur C. Clarke, kuma a ganina ta fi yawancin mazan kula da mutanen da aka dasa wa na'urar, da iyalansu, da abin da ya same su bayan an gama murna. Akwai When Gravity Fails na George Alec Effinger, wanda ya kai labarin wata unguwa mai suna Budayeen a wani birnin Larabawa, inda mutum ke sa 'yar na'ura a kansa ya ari halin wani. Musulmi mai karatu zai ga wuraren da marubucin ya yi ƙoƙari, zai kuma ga inda kallon baƙo ne, kuma irin wannan sharhin sai daga wanda ya san abin daga ciki. Akwai Moxyland na Lauren Beukes, 2008, a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, inda babban hukunci shi ne a yanke maka layin waya, domin da ita kake biyan kuɗi, da ita kake shiga wurare. Akwai Waste Tide na Chen Qiufan, ɗan ƙasar Sin, na 2013, wanda Ken Liu ya fassara zuwa Turanci a 2019. Shi ya bi na'urorin ne zuwa inda ake zubar da su bayan sun mutu, wurin ma'aikatan da ke farfasa su da hannu suna shaƙar gubarsu, kuma ya gina wurin ne a kan garin Guiyu na gaske. Wannan shi ma amsa ce ga tambayarmu: wa ya biya?

Yanzu ga sharhin kansa. Kwanaki na karanta wani da aka yi wa littafin da nake ƙauna. Abin da aka rubuta gaba ɗaya shi ne, "Ya haɗu, taurari biyar." Na ji daɗi da aka so shi, amma me wanda bai karanta ba ya ƙaru da shi? Wani kuma ya cika shafi biyu yana ba da labarin daga farko har ƙarshe, ya fasa ƙwan gaba ɗaya, har da wanda ya ci amanar wa. Na farko bai ba ka komai ba, na biyu ya ƙwace maka abin da ka zo nema. Abin da nake so in gani shi ne mai sharhi ya ce: na karanta duka, ko kuma na tsaya a babi kaza, ga dalili. Ya nuna mini wuri guda da ya taɓa shi, kamar wayoyin nan na Istanbul. Ya ce wanda ke son gudu da faɗa zai ji daɗinsa, wanda ke son zurfin hali ya nemi wani. In kyauta aka ba shi littafin don ya yi sharhi, ya faɗa tun a layin farko, domin kowa ya ci ladan kuturu, an san abin da ya hau kansa.

Kada kuma ku raina aikin nan. Tun fannin bai gama samun suna ba, Sterling yana fitar da wata 'yar takarda mai suna Cheap Truth daga garin Austin na jihar Texas, da sunan aro, kyauta, kowa na iya kwafa ya raba. Sharhi ne zalla a ciki, wani lokaci mai zafi ƙwarai, yana cewa ƙagaggen labarin kimiyya ya yi barci, yana nuna marubutan da ya kamata a karanta. Masu karatu da marubuta ne suka yi ta gardama a kan takarda har tafiyar ta tsaya da ƙafarta. Ban ce ku ɗauki zafin ba. Littafi za ku soka, ku bar mutuncin wanda ya rubuta da na wanda ya so shi. Abin koyi a wurinsu shi ne in sun ce abu bai yi ba, suna kawo dalili.

Na ga hannu can baya. Bismillah, 'yar uwa.

Tambaya: Malam, ni ban taɓa karanta ko ɗaya ba, kuma Turancina bai yi ƙarfi sosai ba. Da wanne zan fara?

Madalla da wannan tambaya. Kada ki fara da Neuromancer, zai jira ki. Ki nemi gajeren labari tukuna, wanda za ki gama a zama ɗaya ko biyu. Kundin Gibson mai suna Burning Chrome yana da su, kuma a labarin da kundin ya ci sunansa, na 1982, ya fara amfani da kalmar cyberspace, wadda ake kiran sararin cikin kwamfuta da ita. In kin ji salon ya yi miki nauyi, ki gwada Waste Tide, domin labarinsa ya fi tafiya a miƙe, sai dai in gaya miki tun yanzu akwai wurin cin zarafi mai tsanani a ciki. Ki ajiye ƙamus kusa, amma kada ki buɗe shi a kowane layi. Ki yi wa kalmar alama da fensir, ki kai ƙarshen shafi, sau da yawa za ki ga ta bayyana kanta. Idan kin gama, ki rubuta mana layi biyar a kai kafin zama na gaba, ni ne zan fara karantawa. Akwai wata tambayar?